Maverick, Santa Cruz da Hilux: wace akori-kura ce za ta iya da lodin Kaduna?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tambayar da mai neman motar kaya yake fara yi a Kaduna ta sauya. A da cewa yake yi, buhu nawa take ɗauka? Yanzu kafin a zo maganar buhu sai ya ji lita nawa za ta sha daga Kawo zuwa Zariya. Wannan ne ya sa wasu ƙananan akori-kura guda biyu na Amurka, Ford Maverick da Hyundai Santa Cruz, suka shiga hirar masu shaguna da 'yan kwangila, har ma da ma'aikatan da ke taɓa noma a gefe. Ana tura wa juna bidiyonsu a WhatsApp, ana cewa ga mota mai bayan kaya da ke shan mai kamar Corolla. Maganar shan man gaskiya ce a kan ɗaya daga cikinsu. Sauran maganar kuwa tana buƙatar a zauna a warware.

Dukkansu biyun a 2021 suka fito, a matsayin samfurin 2022. Ana haɗa Maverick a garin Hermosillo na ƙasar Meziko, Santa Cruz kuma a Montgomery da ke jihar Alabama. Ba daga zuriyar motocin kaya suka fito ba. An gina Maverick a kan tushen Ford Escape, Santa Cruz kuma a kan na Hyundai Tucson, wato motocin iyali ne aka yanke musu baya aka buɗe wurin kaya. Dalilin yin su ma na can ne. Akori-kurar Amurka ta yi ta ƙara girma da tsada har ta fi ƙarfin ɗan birni mai son ɗaukar keke ko buhun takin fulawa ranar hutu, kuma tun 1964 ƙasar ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin kaya da ake shigowa da su daga waje, abin da ya taimaka wajen toshe wa irin su Hilux hanyar kasuwarta. Sai kamfanonin suka cike giɓin da abin da ya dace da mai saye na can. Mai saye na can kuwa ba ya zuwa kasuwar Saminaka ya lodo masara.

Babban bambancin yana ƙarƙashin mota, inda mai kallon bidiyo ba ya gani. Hilux da Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 da Ford Ranger duk suna da shasi, dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa kamar tsani, aka ɗora inji da gidan direba da bayan kaya a kansu. Nauyin kaya a kan shasin yake sauka, daga nan ya wuce kan sifirin mai falle-falle zuwa gatarin baya. Maverick da Santa Cruz ba su da wannan. Jikin motar baki ɗaya, daga bonet zuwa ƙofar baya, shi ne ƙashinta, kuma a kan sifirin mai naɗi take zaune irin na ƙananan motoci. Ginin ƙwarya ke nan: ba ta da nauyi, tana da ƙarfi muddin tana nan yadda aka yi ta, amma ranar da ta tsage, ko an ɗinke ba ta komawa kamar da. Ribar wannan gini ita ce laushin tafiya da sauƙin sarrafawa da ƙarancin shan mai. Hasararsa tana fitowa ne ranar da aka ɗora abin da ya wuce ƙa'ida.

To mece ce ƙa'idar? Ford ya ce Maverick tana ɗaukar fam 1,500, kimanin kilo 680 ke nan, Santa Cruz ma ba ta yi nisa da haka ba. Adadin yana da daɗin ji har sai an gane cewa direba da fasinja da jarkar ruwa da duk abin da ke cikin gidan gaba a cikinsa suke. A cire direba da yaron mota, a ce kilo 150, saura 530. Buhun masara mai kilo 100 guda biyar ke nan, ko siminti buhu goma. Idan kuma iyali ne suka cika kujeru biyar, abin da zai rage wa baya bai wuce buhu uku ba. Hilux tana ɗaukar kusan tan guda a takarda, wato buhu takwas bayan an cire mutum biyu. A takarda dai tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Sai dai mu ba da takarda muke lodi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar hatsi ranar cin kasuwa ya ga yadda ake yi: a jera buhuna har su wuce rufin gidan direba, a ɗaure da igiya, mutum uku su ɗare a kai, gindin mota ya kusa shafar ƙasa. Mota mai shasi tana jure wannan zalunci na tsawon shekaru, ba don an yi ta domin haka ba, sai don inda take fara gazawa wuri ne mai sauƙin gyara. Falle ɗaya na sifirin zai karye, a kai ta Panteka, mai walda ya kwanta a ƙasa ya leƙa ya ce, "Alhaji, a ƙara mata falle biyu kawai, ka huta." A kwance ƙusoshin da suka riƙe, a cusa sabon ƙarfe, a ɗaure, kafin la'asar ta koma bakin aiki, ta ɗan ƙara tsayi ta baya. Ba na yabon wannan ɗabi'a, domin birki da taya ba su san an ƙara falle ba, kuma haɗarurruka da yawa a hanyoyinmu daga nan suke tasowa. Amma haka kasuwa take. Ita kuwa Maverick babu fallen da za a ƙara mata. Idan aka matsa mata, nauyin yana komawa ne wurin da ƙafafun baya suka kama jikin mota, kuma in wurin ya lanƙwashe ko ya tsage, alamar farko ita ce ƙofa ta ƙi rufuwa daidai, taya ta fara cinyewa ta gefe ɗaya, a yi ta kai ta saiti ba ta saituwa.

Akwai kuma maganar ƙafar da ke ja. Maverick mafi araha, da duk masu haɗa fetur da batir kafin samfurin 2025, da ƙafafun gaba suke ja. Santa Cruz ta ƙasa ma haka take. Idan aka loda baya, nauyi yana barin gaba, tayoyin da ya kamata su kama ƙasa su yi sakayau. A kan kwalta ba za a lura ba. A hanyar gona cikin watan Agusta, a ɗan hawa mai laka, nan za ta tsaya tana ta wulwula taya. Tsohuwar Peugeot 504 mai bayan kaya, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kakuri, da baya take ja, shi ya sa lodi ke ƙara mata kamun ƙasa maimakon ya rage. Akwai Maverick da Santa Cruz masu jan ƙafa huɗu, kuma suna taimakawa ƙwarai a santsi da yashi, amma ba su da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da Hilux ke shiga idan za ta fita daga kwazazzabo. Tsayinsu daga ƙasa, wajen santimita 21 zuwa 22, ya isa ramukan Rigasa da na Tudun Wada, bai isa kowace hanyar ƙauye ba.

Bayan kayan ma gajere ne. Na Maverick ƙafa huɗu da rabi ne, na Santa Cruz bai ma kai haka ba. Kwanon rufi mai ƙafa shida sai an sauke ƙofar baya, katako mai ƙafa goma sha biyu kuwa fiye da rabinsa a waje zai yi ta lilo. Hilux mai ƙofa huɗu ba ta fi su da wani abin a zo a gani ba a nan, bayanta wajen mita ɗaya da rabi ne. Mai ƙofa biyu ce ke da bayan kirki, sama da mita biyu, kuma ita ce mutane suka fi rainawa saboda ba ta da kwarjini a wajen ɗaurin aure.

Masu sharhin motoci na Amurka suna ɓata lokaci mai yawa a kan jan tirela: Maverick tana jan kilo 900, ko 1,800 idan an saya mata kayan ja, Santa Cruz mai turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, tana kai kilo 2,270. A Kaduna kusan babu mai jan tirela da ƙaramar mota, don haka wannan fifiko na Santa Cruz bai tsinana mana komai ba.

Inda maganar Maverick take da ƙarfi, kuma ƙarfin gaske, shi ne mai. Mai haɗa fetur da batir tana da inji mai lita 2.5 da injin lantarki da ke taya shi, su biyun suna ba da ƙarfin doki 191. Ba a jona ta da wuta, da kanta take cajin batirinta daga inji da kuma taka birki, saboda haka matsalar ɗauke wuta ba ta shafe ta ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mata mil 42 a galan ɗaya a cikin gari, kusan kilomita 18 a lita, idan kuma an haɗa gari da babbar hanya wajen kilomita 15 zuwa 16. Abin lura shi ne a cunkoso ta fi yin tsimi, domin idan an tsaya injin fetur kashe kansa yake yi. Wanda aikinsa shi ne kai kaya daga Kasuwar Gumi zuwa Barnawa da Sabon Tasha da Mando, yana tsayawa yana tashi wuni guda, shi aka yi wa wannan fasaha. Hilux mai injin fetur na lita 2.7 da ƙyar take ba da kilomita 9 ko 10 a lita. A ɗauka mutum yana yin kilomita 2,000 a wata: Maverick za ta sha lita 130 da 'yan kai, Hilux ta sha sama da 220. Idan lita tana naira 900, bambancin ya kai naira 80,000 a wata, kusan miliyan guda a shekara. Wannan ba kuɗin da za a kawar da kai a kansa ba ne.

Santa Cruz ba ta da irin wannan inji, kuma nan ta faɗi. Injinta na ƙasa, mai lita 2.5 da ƙarfin doki 191, wajen kilomita 10 yake bayarwa a lita a ma'aunin hukumar, wato tana sha kusan kamar Hilux ba tare da tana ɗaukar kayan Hilux ba. Mai turbo tana da ƙarfin doki 281, ta fi Maverick mai turbo da ke da 250, tana da gudu da daɗin tuƙi. Cikinta ma ya fi kyau, Maverick robar cikinta mai tauri ce, ana ganin an yi tsimi a kanta. Santa Cruz tana da wani akwati a ƙarƙashin daɓen baya da ake kullewa, da murfin baya mai naɗewa a wasu samfuran, abin da mai ɗaukar kayan waya ko magani zai yaba lokacin damina. Amma su kansu Amurkawan sun yanke hukunci da aljihunsu: a 2024 an sayar da Maverick sama da 130,000 a can, kusan ninki huɗu na Santa Cruz. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawan mota a can shi ne yawan kayan gyaranta na hannu da za su iso nan bayan wasu shekaru.

Wasu kayan alatun kuma ana biyan kuɗinsu ne a banza. Kujera mai ɗumama jiki da sitiyari mai ɗumama hannu, sai dai ko a yi marmarinsu da asubahin hunturu. Soket ɗin wuta da ake sa wa wasu a bayan kaya na wutar Amurka ne, bolt 110, kayan aikinmu kuwa na 230 ne, don haka kafinta da ya yi murnar zai jona injin huda katako sai ya nemi taransifoma tukuna.

Sai farashi, wanda shi ne ya fi ruɗar mutane. Lokacin da Maverick ta fito, dala 19,995 ce farkon kuɗinta, Santa Cruz kuma 23,990. Wannan adadi ne har yanzu yake yawo a bidiyoyi. A samfurin 2025 Maverick mafi araha ta haura dala 26,000, Santa Cruz ta wuce 28,000. Ita kuma naira ta yi nata tafiyar. A ƙarshen 2021 dala tana wajen naira 570 a kasuwar bayan fage, wato Maverick ba ta kai miliyan goma sha biyu ba a bakin kamfani. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta wuce 1,500 a 2024, kuma a wannan canji dala 26,000 naira miliyan 39 ce, mota tana can ba ta ko hau jirgin ruwa ba. A ƙara kuɗin jirgi, da kuɗin fito na kwastan wanda shi ma da canjin dala ake lissafa shi, da ladan wakilin da zai fito da ita daga tashar Legas, da kuɗin kawo ta Arewa. Hanyar Kwatano da aka saba ragewa a da, gwamnati ta haramta shigo da mota ta iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairun 2017, mai bin ta yana sayen rigima ne da kwastan a kowane shinge.

Shi ya sa galibin waɗanda za su iso mana ba sababbi ba ne, daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka za su fito, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. A nan maganar ƙwarya ta sake tasowa. Mota mai shasi da aka buga ta gefe, sau da yawa bodi ne ya lotse, ƙashin yana nan lafiya. Marar shasi kuwa bugun ya taɓa ƙashinta, kuma gwanin fenta zai iya ɓoye wannan har dillali ya rantse maka "ko ƙwarzane babu." Wadda ruwa ya ci ta fi muni idan mai batir ce, domin batirin Maverick a ƙasan mota yake, wajen kujerar baya, ga wayoyi masu ɗauke da wuta mai ƙarfi. Duk mai niyyar saye ya karɓi lambar shaidar mota, wadda ake ce wa lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, ya bincika tarihinta a intanet kafin ya ba da ko sisi. Da wannan lambar ce kuma zai ga ko an yi mata gyaran da kamfani ya kira. A 2022 Ford ya kira motocinsa masu wannan inji na lita 2.5 mai batir, har da Maverick, saboda haɗarin tashin wuta idan inji ya lalace. A can kyauta ake gyarawa. Motar da ta baro ƙasar ba a yi mata ba, haka za ta iso. Garantin shekara goma da Hyundai ke tinƙaho da shi a kan inji da giya shi ma na mai saye na farko ne a Amurka, ba ya tsallako teku.

Bakanike shi ne mutum na gaba da ya kamata a tambaya, kafin ma dillali. Hilux tana kasuwa tun 1968, kuma babu garejin da za ka shiga a Oriyafata ko Kakuri a rasa wanda ya san cikinta. Kayanta akwai sabo, akwai na Beljiyam, akwai jabu mai araha ga wanda ya matsu. Maverick za ta iya aron wasu kayan inji da na ƙafa daga Escape ta 2020 zuwa sama, Santa Cruz kuma daga sabuwar Tucson, amma fitila da gilashin baya da ƙofar kaya nasu ne su kaɗai. Ɗan adaidaita ya goge maka fitila a Kasuwar Barci, sai ka jira saƙo daga Legas, ko ma daga Amurka. Masu gyaran mota mai batir suna ƙaruwa saboda Prius da Camry, sai dai hannunsu ya fi faɗawa kan na Toyota. Injinan turbo kuma, na Ford ɗin da na Hyundai, suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa, ba sa haƙuri da gurɓataccen fetur ko baƙin mai na bakin titi. Wanda ya tuna fetur mai methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san wannan ba tsoro ne na banza ba. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Hilux tana da tsada, sabuwarta ta fi ƙarfin yawancin 'yan kasuwa, shi ya sa hukumomi da jami'an tsaro da manyan kamfanoni suka fi sayenta. Amma kuɗin da aka zuba a cikinta ba ya narkewa da sauri. Ka sa ta a kasuwa yau, kafin mako ya zagayo an taya. Maverick kuwa mai sayenta na biyu sai an nemo shi, kuma zai taya ne da tsoron da kai ka ƙi ji. Miliyan gudan da aka yi tsiminsa a mai kowace shekara zai iya tafiya a nan. Ga kuma iskar gas ta CNG da gwamnati ke turawa tun 2023: injin Hilux na lita 2.7 tsohon tsari ne mai sauƙin juyawa, kuma bayanta zai ɗauki tukunya ya bar wurin kaya, alhali tukunya ɗaya za ta cinye kaso mai yawa na ɗan bayan Maverick.

A ganina Maverick mai batir ta dace da mutum iri ɗaya: mai zirga-zirgar cikin gari da kan kwalta, kayansa masu cika wuri ne ba masu nauyi ba, kamar kwalayen magani, burodi, kayan sola, kiret ɗin ƙwai, kuma yana son mota ɗaya ta yi masa aiki ta kuma kai yara makaranta. Shi zai ci ribarta, in ya samu mai tsabta kuma ya iya hana kansa da direbansa ƙarin buhu ɗaya. Santa Cruz ta mai sha'awa ce, ba na ganin lissafin da zai fitar da ita. Wanda kuwa zai ɗauko citta daga Kachia ko rake daga Maƙarfi ko tumatir daga Ikara, ya nemi mai shasi ko da ta tsufa. Akwai Peugeot Landtrek da kamfanin Dangote Peugeot ke haɗawa a nan Kaduna tun bayan buɗe masana'antarsa a 2022, mai shasi ce girman Hilux, kuma kusancin masana'antar abin dubawa ne ga mai tunanin garanti. Ta can ƙasa kuma ga 'yan ƙananan Daihatsu Hijet da Suzuki Carry masu injin cc 660, waɗanda Japan ta ƙayyade musu kilo 350 mu kuma muke ɗora musu ninkin haka.

Tsakanin Hijet da Hilux ne ramin yake, wurin da 504 ta bari tun da aka daina haɗa ta a tsakiyar shekarun 2000: mota mai ƙofa biyu, doguwar baya, inji marar rikici, farashin da mai shagon siminti zai iya. Wasu ƙasashe suna da irinta. A Brazil, Fiat Strada ta yi shekaru tana kan gaba a duk motocin da ake sayarwa. Afirka ta Kudu tana da Nissan NP200 mai ɗaukar kilo 800 har zuwa 2024 da aka daina yin ta. A Nuwambar 2023 Toyota ya fitar da Hilux Champ a Tailan, mai shasi, ba ado ba kwalliya, a kan baht 459,000 na kuɗin ƙasar, wajen dala 13,000 a lokacin, rabin kuɗin Maverick samfurin 2025. Ta Tailan sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, amma ana haɗa mai sitiyarin hagu a Filifin da sunan Tamaraw. Irin wannan ce ya kamata dillalanmu da masu masana'antar haɗa motoci a Kaduna su sa wa ido.